Yadda Eko Ya Shiga Kunnen Bahaushe, Da Yadda Ya Cinye Mini Muryar Kakata

 Yau ba maganar kasuwa zan yi ba, ko da yake a cikin kayan shagon mahaifina labarin ya faro. Magana ce a kan wani ɗan maɓalli a jikin tsohuwar na'urar ɗaukar sauti, da abin da rashin sanin aikinsa ya jawo mini. Amma kafin mu kai can sai mai karatu ya yi haƙuri mu ɗan koma baya, don kuskuren da na tafka ba ni na ƙago shi ba, gadonsa na yi.

Mahaifina ɗan kasuwa ne. Yanzu kayan waya yake sayarwa, caja da batir da memori, amma tun shekarun 1990 har zuwa lokacin da CD da wayar hannu suka kashe kasuwar, kaset ne sana'arsa. Yakan je Kano ya saro a Ƙofar Wambai da Bata, ya biyo ta Wudil da Birnin Kudu da Gwaram da Darazo da Dukku, ya sauke a Gombe. Kaset na wa'azi, na karatun Alƙur'ani, na Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos, na Indiya, daga baya kuma na waƙoƙin finafinan Hausa. A cikin tarkacen da suka rage a ɗakin ajiyarmu a nan Arawa na tsinci na'urar da nake magana, Tascam Portastudio 424, samfuri na biyu, ƙura ta yi mata riga. Baba ya ce a hannun wasu mawaƙan coci daga yankin Kaltungo ya karɓe ta a madadin kuɗin kaya, bai taɓa kunna ta ba. Wannan a 2020 ne, lokacin da aka rufe makarantu saboda korona, muna zaune a gida muna jiran jarrabawar WAEC da aka ɗage har sai watan Agusta. Zaman banza ne ya sa na goge ta, na sa aka canza mata bel, na fara wasa da ita.

To, bari mu fara da yadda magabata suka yi. In mai karatu ya saurari tsohon ɗaukan Alhaji Mamman Shata, ko na gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, ko na faifan garmaho, zai lura da abu guda: duk tawagar a wuri ɗaya take, a lokaci ɗaya. Mawaƙi yana kusa da makirufo, 'yan amshi suna bayansa, masu kalangu sun ɗan ja baya don kada kiɗa ya danne magana. Tazarar da ke tsakanin mutum da makirufo ita ce ke daidaita ƙarfin kowa. In an yi kuskure sai dai a sake daga farko, ko a bar shi haka, shi ya sa za ka ji tari ko dariya ko wani ya yi kirari a tsakiyar waƙa. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne, mawaƙin yana jin kowa da kunnensa. Ya jefa baiti, 'yan amshi su cafe su dawo masa da shi, a cikin wannan ɗan lokaci ya numfasa ya shirya na gaba. Waƙar baka ta Hausa ba a gina ta don mutum ya tsaya shi kaɗai cikin shiru ba. Ko matan da ke daka a tsakar gida, ɗaya ke bayarwa sauran na karɓa, taɓarya na riƙe musu lokaci.

A can ƙasashen Turawa kuwa sai aka bi wata hanya. Wani makaɗin jita a Amurka mai suna Les Paul ya daɗe yana neman yadda zai ɗora kiɗa a kan kiɗa shi kaɗai, kuma a shekarun 1950 kamfanin Ampex ya ƙera masa na'ura mai layi takwas a kan zaren tef guda. Ma'ana kowane sauti yana da layinsa, ana iya goge ɗaya a bar saura. Mawaƙan Beatles na Ingila da na'ura mai layi huɗu suka yi kundinsu na 1967, in layukan sun cika sai su haɗe su su juye kan wata na'urar su samu sarari. Duk wannan aikin manyan situdiyo ne masu tsada. Sai a 1979 kamfanin TEAC na Japan ya fito da Portastudio 144, wadda ta ɗauki wannan dabara ta cusa cikin kaset na gama-gari, irin wanda Philips ya fitar tun 1963, shekarar da jirgin ƙasa ya iso Gombe. Da irin wannan na'ura Bruce Springsteen ya ɗauki kundinsa Nebraska na 1982 a cikin ɗakin gidansa. Tawa jikanyar waccan ce. Kaset na yau da kullum yana da layi biyu a gefen A, biyu a gefen B. Ita kuwa tana amfani da duka huɗun a tafiya ɗaya, don haka ba a juya kaset, in ka juya sai ka ji sautin yana tafiya da baya. Tana kuma iya gudu ninki biyu, santimita 9.5 a daƙiƙa maimakon 4.76, don sauti ya fi fita tas. Sakamakon haka kaset mai minti 60 minti 15 kacal zai ba ka.

Amma da aka raba mutane layi-layi sai wata matsala ta taso. Mawaƙi ya shiga ɗaki shi kaɗai, makaɗa sun yi nasu jiya sun tafi. Me zai ji? Dole a haɗa masa wani sauti na musamman a hedifon, kiɗa kaza, muryarsa kaza, wanda ba lallai ya zama daidai da abin da ke shiga tef ba. Wannan shi 'yan situdiyo ke kira monita. Tun daga nan aka samu hanyoyi biyu a cikin kowace miksa: hanyar da ke zuwa kunne, da hanyar da ke zuwa tef. Duk maganata ta yau a kan bambancin waɗannan biyun take.

Shi kuma eko, wato amsa-kuwwa ta na'ura, ta wata ƙofa daban ya shigo mana. A iya abin da kunnena ya gani a kaset ɗin Baba, ƙofofin biyu ne. Ta farko finafinan Indiya, waɗanda gidajen silima na Arewa suka shekara da shekaru suna nunawa, muryoyin mawaƙansu kullum kamar daga cikin wani babban zaure suke fitowa. Ta biyu ampilifaya da lasifika na taro, irin su Ahuja na Indiya da ƙananan miksa masu maɓallin eko a jiki. Duk wanda ya taso a unguwanninmu ya san wannan sauti: mai gabatarwa ya ce “jama'a” ka ji ta sau huɗu tana bin juna. A wajen biki haka, a wajen majalisi haka, a wajen siyasa haka, har mai tallan magani a tasha. A hankali kunnenmu ya ɗauka cewa murya mai daraja ita ce mai eko, marar eko kuwa kamar ba a gama aiki ba. Kuma da yake mai ɗaukar kaset a wajen taro daga bakin ampilifaya yake jona wayarsa, ko ya ajiye rikodarsa gaban lasifika, to duk abin da jama'a suka ji shi ke shiga kaset, eko da komai. Daga nan a kai wa masu kwafi, a juya daga kaset zuwa kaset, kowane juyi yana rage kaifin sauti yana ƙara shuuu. Wani mai bincike, Brian Larkin, ya rubuta littafi a kan harkar silima da kwafin kaset a Kano mai suna Signal and Noise, ya fito a 2008, kuma ya yi magana a kan yadda wannan dusashewa ta zama wani ɓangare na yadda mutane suka saba gani da ji. Ni shaida ne, don da na fara jin Ɗan Maraya a tsaftataccen ɗauka sai na ji kamar kuntigin ya yi tsirara.

Sai zamanin fiyano. Bayan Turmin Danya na 1990 harkar fim ta kankama a Kano, kiɗan finafinai ya koma kan fiyanon Casio da Yamaha, situdiyo irin na Iyan-Tama suka yi suna, kuma fim ɗin Sangaya na 1999 ya nuna wa kowa cewa waƙa ce ke sayar da kaset. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa a kan wannan zamani ga mai son ƙarin bayani. Abin da ya shafe mu shi ne, a nan ne mawaƙin Hausa ya shiga ɗan ƙaramin ɗaki da hedifon a kai. Mutum ɗaya da fiyano ya maye gurbin masu kalangu, amshi kuma sai a ɗauka sau ɗaya a riƙa liƙawa. Kwamfuta ta zo da Cakewalk da Cool Edit da FruityLoops, ga Auto-Tune da aka fitar a 1997 wanda daga baya ya zama gishirin kowace waƙar nanaye. Masu aikin da suka ƙware sun san ƙa'idar: a ɗauki murya tsurarta, a ƙara ado daga baya. Amma mu 'yan koyo na unguwa, da muka koyi sauti a gindin lasifikar biki, mun zo da tsohuwar al'adarmu, abin da kunne ya ji shi ne abin da za a ajiye.

Yanzu ga yadda na'urar take, a taƙaice. Duk wanda ya taɓa zuwa lambun Dadin Kowa ya ga yadda ake fasa ƙaramar hanya daga babbar magudana a kai ruwa wani fegi, babbar kuma ta ci gaba da tafiyarta. Haka kowane layi na miksa yake. Murya ta shigo daga makirufo, akwai wani maɓallin murɗawa da ke ɗibar wani kaso nata ya aika waje zuwa akwatin eko. Akwatin ya yi aikinsa ya dawo da amsa-kuwwar ta wata mashiga daban, ta zuba a cikin babbar hanyar hagu da dama inda duk sautuka ke haɗuwa, wadda 'yan situdiyo ke kira bas. Ita ainihin muryar ba a taɓa ta ba. To a gefen kowane layin ɗauka akwai wani ɗan maɓalli mai matsayi uku. Tsakiya, layin a kulle yake, ba ya ɗauka. Ka tura shi gefe ɗaya, tef zai ɗauki muryar kai-tsaye daga layinta, ba ruwansa da abin da ke cikin bas. Ka tura shi ɗaya gefen, tef zai ɗauki duk abin da ke cikin bas, murya da ekonta a cakuɗe. Hedifon kuwa yana da nasa zaɓin, kana iya sa shi ya saurari bas ko da tef na ɗauka kai-tsaye. Wato mai waƙa ya sha ekonsa a kunne iya son ransa, tef kuma ya ajiye zallar murya. Ranar haɗawa ta ƙarshe sai ka ƙara eko gwargwadon buƙata, in ya yi yawa ka rage, in ka ga dama ka cire. Da wannan 'yanci ne King Tubby na Jamaika ya ƙirƙiro salon dub a farkon shekarun 1970, yana jefa kalma ɗaya cikin eko ya janye, don muryoyin suna zaune a layinsu daban. Wanda ya riga ya dama fura da nono ba shi da wannan zaɓi.

Duk wannan bayani daga baya na san shi.

Kakata ta wajen uba 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Gaya. A bayan babbar mota aka kawo ta Gombe tana amarya a tsakiyar shekarun 1960, lokacin da auduga da gyaɗa ke jawo mutanenmu nan, zamanin da kamfanin auduga na BCGA ke tashe, wanda har yau akwai unguwa mai sunansa. Kakana awo yake yi. Ba ta yi boko ba, amma tana da wata doguwar waƙar niƙa da ta gada wajen tata kakar ta kuma ƙara nata a ciki. A cikinta take jero dangi, wane ya haifi wane, wace aka kai wane gari, waɗanda suka tafi aikin hajji a ƙasa ba su dawo ba, da garuruwan da motar amarcinta ta tsaya. Mu da aka haifa a nan, wanda in an tambaye mu asali sai mu ce “Kano” mu yi shiru, wannan waƙa ita ce kaɗai takardar da muke da ita. Tun da injin niƙa ya zo ta daina yi, sai dai guntu-guntu in tana tsinkar zogale.

Na yi kwana uku ina lallashinta. Da na sa mata hedifon ta yi magana ta ji kanta, sai ta cire ta miƙo mini. Ta ce, “Kai maigida, wannan ba muryata ba ce, wata tsohuwa ka ɓoye a ciki.” Na ce, “Kaka, ai tsohuwar ke ce.” Ta kai mini duka da mafici. Gaskiyarta ne kuwa, mutum yana jin muryarsa ta cikin ƙasusuwan kansa, tana masa kauri, in ya ji ta daga na'ura sai ta zo masa siririya baƙuwa. Ta gwada baiti biyu ta tsaya, ta ce ba a waƙa a cikin rami. Sai na ruga wajen wani abokina mai ba da hayar lasifika na aro ƙaramin akwatin eko, na jona, na murɗa. Ta ce “salamu alaikum”, ta ji an amsa mata. Wallahi fuskarta ta canza. Ta yi dariya ta ce, “Yawwa angona, yanzu ka samo mini 'yan amshi.” Ta gyara zama, ta ɗauko turmin ƙulla-ƙulla tana bugawa da tafin hannu, ta yi ta zuba har kaset ya ƙare, na sa wani ya ƙare. Kusan rabin awa. Gwaggona da ke bakin ƙofa tana ta sharar hawaye.

Har yau ina nan a kan cewa ekon da na sa mata a kunne daidai ne. Ba don shi ba da ba ta buɗe baki ba, domin ita ba ta taɓa waƙa ba tare da wani ya karɓa mata ba. Ɓarnar ita ce ɗan maɓallin nan yana gefen bas. Kuma da yake kunnena na ɗan unguwa ne, na murɗe ekon sosai, tazarar kusan sulusin daƙiƙa, maimaici huɗu ko biyar. A daren da na saurara ma daɗi ya yi mini, na ce ga shi kamar a rediyo. Sai bayan kwanaki da na ɗauko biro zan rubuta sunayen na gane abin da na aikata.

Ga dalilin da abin ya fi muni a harshenmu. Kunne yana rarrabe amsa-kuwwa da asalin sauti in tazararsu ta kai wajen kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Ƙasa da haka sai dai ta ƙara wa murya kauri, sama da haka ta zama wata murya ta biyu mai magana a kan ta farko. Hausa kuwa da karin sauti da tsawon wasali take rarrabe kalmomi. Garin da ake zama da garin da ake tuwo, a rubuce ɗaya ne, a baki ne suka bambanta. To in gaɓar da ta wuce ta dawo ta faɗa kan wadda ake furtawa yanzu, da nata karin, sai duka biyun su rikice. A inda Kaka ke jan baiti a hankali ana ji. A inda take jero sunaye da sauri, wanda shi ne abin da na fi buƙata, sai ka ji kamar mata biyar suna gardama a cikin rijiya. Ga bugun turmin shi ma yana maimaituwa a kai, don makirufo ɗaya na sa, alhali ina da layi huɗu da zan iya ba shi nasa.

Wani mai haɗa kiɗa a cikin gari ne ya nuna mini maɓallin. Bai yi minti ɗaya yana duba na'urar ba ya tura shi da ɗan yatsa ya ce, “Da nan ka sa.” Na tambaye shi ko kwamfuta za ta iya cirewa. Mun juye kaset ɗin, mun gwada manhajojin da ke rage amon ɗaki, har da na zamani masu raba murya da kiɗa. Bugun turmin ya ragu, shuuu na kaset ya tafi, amma maimaicin muryar ya ƙi, saboda a wajen na'ura shi ma muryar Kaka ce, ba ta san wacce za ta jefar ba. In aka matsa sai sautin ya koma kamar mai magana a ƙarƙashin ruwa.

Na koma wajenta na ce a sake. Ta ce, “Maigida, ai ba a yi wa miji ɗaya amarci sau biyu.” Da ƙyar bayan sallar layya ta yarda, a lokacin ciwon ƙirji ya fara kama ta. Wannan karon na sa maɓallin kai-tsaye, eko kaɗan a kunnenta kawai. Ba ta iya jan waƙar ba, numfashi ba ya kaiwa, sai ta koma ba da labari da baki. Minti 15 ne, tas, har ƙarar carbinta ana ji. Ta faɗi garuruwan hanya da sunayen 'yan ɗakinsu, amma na can sama, kakannin kakanni, ta ce ba sa zuwa mata sai a cikin waƙa. Allah Ya yi mata rasuwa a farkon 2021, Allah Ya jiƙanta Ya sa ta huta.

Tun daga lokacin, duk juma'ar da na samu sarari nakan ɗauki waya da hedifon in je wajen Gwaggo mu saurari kaset na farko, daƙiƙa biyar-biyar, muna tsayawa muna komawa. Dabarar da muka gano ita ce a kasa kunne ga gaɓar farko ta kowace kalma bayan Kaka ta ja numfashi, don a nan ne ekon baya ya riga ya mutu. Mun fitar da sunaye 34. Akwai wuri uku da muka kasa, ɗaya daga ciki sunan gari ne, inda ta ce an kai wata ƙanwar kakarta aure, Gwaggo na jin kamar da “Ɗan” ya fara, ni ina jin “Dam”. In akwai wanda tsohuwarsa ta fito daga ƙasar Gaya ko Wudil kuma ta san irin wannan waƙar niƙa, don Allah ya yi mini magana, zan zo da kaset ɗin har gida ta saurara ko kunnenta zai kama abin da namu ya kasa.